Tsibi Uku a Gindin Ɗorawa

Da sunan Allah na ɗauki biro, kuma da ku nake, ku 'ya'yana, musamman kai Nasiru da aka ce har ka fara sintiri ofishin lauya. Labari ya iso mini cewa kuna shirin karɓo ɗan yankin nan na gindin ɗorawa daga hannun 'ya'yan Yaya Habu. Wai ai a cikin gonarmu yake, wai ubansu ne ya cinye mini, saboda ni sakarai ne da na jinginar da gonar gado na zuba kuɗin a waya. Na gane abin da ke faruwa. Birni ya matso, masu yanka fuloti sun fara zagaya ƙauyenmu da igiyar awo, sai kowa ya tuna yana da kaka. To ni ban mutu ba tukuna, kuma hannuna yana iya rubutu, ko da yake na yaƙi da jahilci ne. Zan faɗa muku yadda aka yi, ba don ina neman afuwar kowa ba. Wanda ya ji haushi, shi ya sani.

Na san sunan da ake kirana da shi in na juya baya: Sale Eriya. Na san kun sha dambe a makaranta a kansa. Ni ko a jikina. Da kuɗin eriyar nan aka yi muku awo a shekarun da masu yi mini dariya ke dafa rama ko ƙuli babu.

Kun tashi kun tarar da ni da shadda da hula mai aiki, ba ku san ni da jaki ba. Sana'ata ta farko taki ce. A yankinmu gona ba ta hutawa, domin babu inda za ta huta. Iyakar wannan ita ce iyakar wancan, ɗan layin gamba ne kawai a tsakani, kuma ƙasar da ake nomawa kowace damina, in ba ka ciyar da ita ba, ba abin da za ta ba ka. Don haka da rani sai mu ɗora wa jakuna itace, mu bi ta Bacirawa mu shiga birni mu sayar, mu ciko mangaloli da kashin awaki da toka da sharar gidaje mu dawo. A zube shi tsibi-tsibi a gona, ya zauna nan har gab da ruwan shuka, sannan a baza. Na san taki kamar yadda mahauci ya san nama, na san al'adunsa kaf. Ku riƙe wannan, domin a nan abin kunyata yake.

Shekarun da nake magana a kansu ba ku ga irinsu ba, Allah kada ya nuna muku. Baba ya rasu, aka raba gandu. Ni na sami gonar ɗorawa, Yaya Habu ya sami wadda ke manne da ita daga yamma, haɗe da gidan gado, Inna tana wajensa. Ni da uwarku Asabe muka yi ɗan gini a gefen gari. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke gero yana bununi. A birni kuma sai an bi layi ake samun sabulu da madara, an toshe shigo da kaya daga waje, ana ta korar ma'aikata. Abin da na girbe a shekara ta biyu bai kai mu tsakiyar rani ba. Ina kwana ina tashi da tunani guda: in na tsaya jiran hadari, ku za ku mutu ina kallo.

A wani gida a bayan Fagge nake kwasar takin awaki, mai gidan shi ne Malam Iro. Da ma'aikaci ne a wata ma'aikatar sadarwa, kora ta haɗa da shi. Siririn mutum ne mai sanyin magana, da yatsu irin na mai ɗinkin hula. A zaurensa ya kafa tsohon keken ɗinki, ya cire allurar, ya mai da shi abin naɗe waya. Wayar jan ƙarfe ce siririya, yana warwaro ta daga ƙonannun injuna, ya naɗa ta a jikin ɗan bututu, zagaye bayan zagaye, yana ƙirgawa a baki. Kwayil ake ce wa abin. Ita ce, in ji shi, ke tsamo muryar da kake so daga cikin muryoyin da ke yawo a iska, ta bar sauran su wuce. Yana kuma ƙera eriya, da wasu 'yan akwatunan tace magana da ake sa wa oba-oba, wato wayar iskar nan da manyan 'yan kasuwa da masu motocin dogon zango ke magana da ita tsakanin Kano da kudu. A lokacin, in ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa ya ƙone a cikin rediyo ko oba-oba, shi ke nan, sai a lulluɓe da tsumma a ajiye.

Wata rana na sako rediyon Baba a mangala, wanda ya riga mai shi mutuwa, na kai masa. Ina ɗaure bakin mangala ke nan na ji akwatin ya yi gyaran murya ya fara ba da labaran duniya. Na saki igiya na shiga zauren.

"Malam Iro, abin nan da ka naɗa yanzu, ana samun na Turawa a kasuwa?"

"Ko da kuɗinka a hannu babu."

"To me ya hana ka cika kasuwar da naka?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce, "Rashin abin awo, Malam Sale. Da ka nake yi, wani ya dace wani ya kuskure. Akwai na'urar awo mai allura kamar agogo, ita ke faɗa maka ko naɗin ya yi daidai. Wani na son sayar da tasa, amma ni ko kuɗin waya sai na yi da gaske."

A hanyar komawa ranar na buɗe idona sosai. Daga Kurna har Bacirawa duk teburin mai gyaran rediyo da na wuce, matattun akwatuna ne jibge a kai. A ƙauyenmu kuma na san gidajen da ba a ɗora tukunya ba, amma mai gidan ya sayi batir. Ni ba malami ba ne, amma na san in kowa na neman abu, mutum ɗaya kuma ya iya yinsa, to gindin mutumin nan ake zama. Kafin jakuna su kai gida na gama shawara.

Na same su a tsakar gidan gado bayan la'asar, Inna tana tsinkar zogale, Yaya Habu yana gyara ƙotar fartanya.

"Inna, zan jinginar da gonar ɗorawa. Zan haɗa jari da wani mai ƙera kayan rediyo a birni. Riba mu raba, faɗuwa mu raba."

Inna ta ajiye faifai. "Kayan me?"

"Kayan rediyo, Inna. Abin da ke kamo magana."

"Kin ji ko?" in ji Yaya Habu. "Gonar da Baba ya ƙarar da ƙarfinsa yana zuba wa taki, ita zai bayar ya sayo zaren waya. Kai Sale, ko rana ce ta buge ka a hanyar Bacirawa?"

"Yaya, ba shawara na zo nema ba, sanarwa na zo yi."

Kun ji irin bakin da nake da shi a lokacin, kuma har yau bai mutu ba. Yaya Habu ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in dai na rantse sai na yi haukata, to bare ba zai taka gonar Baba ba, shi zai karɓa. Duk ranar da na mai do masa da kuɗinsa, in ɗauki gonata. Ya sayar da sansa na huɗa, muka je gaban mai unguwa da shaidu.

To ga yadda jingina take a wajenmu. Wanda ya karɓa yana noma gonar har a fanshe ta. Amma in ya zuba mata taki, ko da kuɗi a hannu ka zo ba ka karɓa sai ya ci damina biyu, domin ƙarfin takinsa ne a cikin ƙasar. Shi ya sa mai wayo yake faɗa a gaban shaidu, "Ban yarda a zuba taki ba sai da sanina." Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ni da na fi kowa sanin wannan, ni ɗan taki, na buɗe baki zan faɗa, na dubi fuskar yayana, kunya ta kama ni. Ina zan kafa wa wanda ya goya ni sharaɗi kamar baƙo? Na iya yi masa tsiwa a tsakar gida, amma a gaban mutane na kasa. Da na koma gida Asabe ta tare ni tun daga bakin ƙofa.

"Malam, ka yi maganar taki?"

"Yayana ne fa."

"Na san yayanka ne. Ka yi maganar taki?"

Na daka mata tsawa, ta koma gindin murhu. Allah ya jiƙanta, tun a ranar ta fi ni hankali.

Muka sayi na'urar awo, muka sayi waya, kuma abin da muka fara girba faɗuwa ce. Malam Iro yana shafe kwayil da kakin zuma don kada naɗin ya motsa. A zaure lafiya lau, allura ta tsaya inda ake so. Amma a cikin motar da ta kwashi rana tun daga Kano har kudu, kakin ya narke, naɗin ya saki, oba-oba ta koma shuu kamar ana suya. Aka dawo mana da kaya a buhu, wani direba har da zagin iyaye. Kaka ta zo ba ni da abin fansa. Yaya Habu ya zuba wa gonar ɗorawa taki da rana tsaka kowa na gani, ban hana shi ba, domin haƙƙinsa ne. Damina biyu ke nan sun tafi. Na zama magidancin da ba shi da rumbu, mai awo a mudu kamar ɗan birni, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna. A ƙofar masallaci sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Sale, yau me eriya ta ce?" Ni kuma in ce, "Ta ce gero ya tashi, ku da kuka sayar da naku tun kaka kun sha ƙasa."

Maganin kakin ni na samo shi, ni jahilin. Akwai kafinta a kusa da Malam Iro, na lura bencinansa suna wuni a rana, man da yake shafa musu bai taɓa narkewa ba. Na ce mu gwada. Daga nan duk kwayil ɗin da aka naɗa sai a tsoma ta a man kafinta, in hau tsani in shanya su a kan rufin kwano, su sha rana tun hantsi har la'asar, sannan a sauko da su a kai gaban allura. Wadda ta motsa ko kaɗan a warware ta. Wadda ta tsaya, ko cikin tanda ka sa ta ba ruwanta. Direban da ya zage mu shi ya fara dawowa, yana sosa ƙeya. Malam Iro ya kira abokan aikinsa biyu da aka kora tare suka kafa nasu kekunan, ni kuma na sayi keken hawa ina kai kaya ga masu gyara a kasuwanni, daga Ungogo har Bagwai. Jakuna biyu dai ban sayar ba. Tukunyar Asabe ba ta ƙara kwana a kife ba, har takan aika wa Inna da tuwo.

Damina biyun Yaya Habu suka cika. Rani ya shigo bai zuba taki ba, domin taki ya yi tsada, kuma a ganinsa ni da fansa sai a lahira. Kuɗin ba su haɗu a hannuna ba sai da bazara ta yi nisa, an gama sharar gona, kowa na duban gabas. Ranar Lahadi na je gaida Inna, daɗi ya ɗebe ni na ce mata ranar Alhamis zan kawo wa Yaya kuɗinsa. Ta ce Allah ya kai mu, ba ta ɗago kai ba. Na koma birni na kwana uku muna haɗa kayan wani mai motoci. Ranar Alhamis da hantsi muka iso da Malam Iro, don ya zama shaida, ya sha farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka biyo ta gona don in nuna masa abin da na sa a kansa. Ina ɗaga ido na ga taki, tsibi-tsibi, layi-layi, daga bakin hanya har gindin ɗorawa, sabo, ko kaji ba su tona ba. Ashe Talata da Laraba duk wani jakin haya da ke garin nan a gonata ya wuni.

Na gane lissafin nan take: wasu damina biyu, in sun cika a sake zubawa, haka har in mutu. Na aika a kira mai unguwa, Yaya Habu ya zo da 'ya'yansa, mutane suka taru. Na miƙa kuɗin, ya mai da hannu baya.

"Ka san al'ada, Sale, ka fi ni saninta. Akwai takina a ciki."

"Tsakaninka da Allah, Yaya, gona ka zuba wa taki ko ni ka zuba wa?"

"Kai na zuba wa," ya ce, ko kunya babu. "Ka zare hannunka daga wayar nan, ka dawo ka riƙe fartanya kamar ɗan Baba, yau ɗin nan in bar maka gonar da takin duka kyauta."

Mutane suka ce kai, Habu ya yi adalci. Malam Iro ya sunkuyar da kai, ya ce mini a hankali in ina son kasona zai sayar da na'urar awo ya ba ni, kada in rasa gonar ubana saboda shi. Wannan maganar ce ta ƙarasa tunzura ni. Mutane uku ke ci a zauren nan ban da ni, kuma a gindin allurar nan suke ci. Na juya wajen mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba zan zare hannu ba, kuma ba zan bar gona ba. Tambaya gare ni. Takin da ba a baza ba, ruwa bai dake shi ba, ya shiga ƙasa?"

Mai unguwa ya dubi tsofaffin 'yan taki da ke wurin. Suka yi ta muzurai, amma gaskiya ta fi ƙarfinsu, suka ce bai shiga ba, har yanzu kayan mai shi ne kamar buhu a kasuwa.

"To," in ji mai unguwa, "kawo kuɗin in riƙe. In ka kwashe shi tas kafin ruwa ya taɓa shi, gona taka ce yau. In ruwa ya dake shi, ya shiga ƙasa, kada in ji bakinka."

Duk muka dubi gabas. Akwai ɗan baƙi can ƙasa, kamar tafin hannu.

Masu jakunan haya suka zame ɗaya bayan ɗaya, domin jiya suka ci kuɗin Yaya Habu. Na kawo jakunana biyu da shebur. Malam Iro ya tuɓe farar rigarsa ya rataya a reshen ɗorawa, mutumin da ko tsintsiya matarsa ba ta bari ya riƙe don kada yatsunsa su lalace, ya kama bakin mangala. To a nan ne zuciya ta ɗebe ni. Gonar Yaya Habu taku ɗaya ce, ka tsallake gamba ka juye, shi ke nan. Gidansa kuwa sai ka ratsa gonaki huɗu ka wuce rijiya. Malam Iro ya ce mu juye a gonar Yaya Habu mana. Na ce a'a, kayansa ne, ƙofar gidansa zan kai masa, ya fito ya taka. Haka muka yi ta sawu, mu cika, mu kora jakuna cikin gari, mu juye a bakin zaure, mu dawo a guje. Wajen azahar sai ga Asabe ta fito da daro a ka, tsakar rana, matar da ko rijiya ba ta zuwa. Mata suka leƙo ta kan danga suna salati. Ba ta dubi kowa ba, ta ce mini, "Cika mini, Malam, hadarin nan ba jiranka zai yi ba."

Tulin ya kai gwiwa a ƙofar gidan lokacin da Inna ta fito, tana dogara sanda. Ta tsaya tsakanin jakina da zaure. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya Habu ba, kasancewarsa ɗan fari, kuma ranar ma ba ta kira ba.

"Sale, ƙofar wa kake zuba wa kashin awaki?"

"Ƙofar mai shi, Inna."

"Ƙofar ubanka ce. Ta nan aka fitar da gawarsa. Kuma in mai laifi kake nema, ga ni. Ni na ce wa yayanka ya zuba. Na ce in gonar nan ta dawo hannunka, gobe mai wayar ya ce yana son wani injin, ka kai ta hannun bare. Ka rantse mini tunanin bai taɓa zuwar maka ba."

Ban rantse ba, domin ya taɓa zuwa. Na tsaya da igiyar jaki a hannu. Kunya ta rufe ni, haushi kuma bai tafi ba. Na ce, "Inna, gonar tawa ce." Ta ce, "Na sani. Kwashe abinka ka bar mini ƙofa." Na juya jakin da kayansa muka koma.

Daga nan tsallaken gamba muka koma yi, kuma aiki ya yi sauri ninki ba ninki, abin da tun safe ya kamata in yi. Muka yi la'asar a tsaitsaye. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta taso tana watsa mana toka a ido. Tafin hannun Malam Iro ya ɗuri ruwa ya fashe, ya naɗe da hularsa ya ci gaba. Asabe ta bar daro ta koma ja da buhu. Yaya Habu yana tsaye a gonarsa, ya harɗe hannu, bai taimaka ba, bai kuma hana ba. Muna kan layin ƙarshe na ji ɗigo a wuyana. Na ce Allah ka ba ni sawu biyu. Ba a ba ni ba. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, saura tsibi uku a gindin ɗorawa, ina kallo suka narke, baƙin ruwansu yana bin ƙasa. Duk garin na murnar ruwan shuka, ni na durƙusa a cikin taɓo na yi kuka, ba na ɓoye muku.

Da ruwa ya tsagaita mai unguwa ya taka gonar da ƙafarsa. Ya ce inda aka kwashe na Sale ne, inda ruwa ya daki taki na Habu ne damina biyu. Ya ja layi da sanda daga gindin ɗorawa zuwa wani suri da ke bakin gamba. Yaya Habu ya karɓi kuɗinsa. Washegari na shuka gonata, sannan na je da kaina na kwashe tulin ƙofar gidan Baba na share wurin. Da a ce sawun da na ɓata ina kai taki cikin gari na yi su a tsallaken gamba, da tun kafin la'asar mun gama. Ba Yaya Habu ne ya ci yankin nan ba, ba kuma waya ba. Zuciyata ce ta ci shi.

Malam Iro ya yi mako guda bai iya naɗi ba. Zauren nan ya ci gaba da ciyar da gidaje huɗu har shekarun wuya suka wuce, a ciki kuka yi makaranta, a ciki na sauke farali. Daga baya aka buɗe ƙofa, kayan waje masu araha suka cika kasuwa, aka daina gyara sai sauyawa, muka rufe. Ban yi nadama ba ko ta ƙwayar zarra, kuma gonar ɗorawa ba ta ƙara barin hannuna ba, Inna ta rayu ta ga haka. Wayar da ke aljihunku yanzu, da kuke latsawa kuna yi wa tsoho dariya, an ce mini akwai 'yan'uwan kwayil ɗin Malam Iro a cikinta, sun dai ƙanƙance ne. Allah ya jiƙansa, ya bar duniya ba shi da ko fuloti, amma ban taɓa ganin mutum irinsa ba.

Ni da Yaya Habu kuwa, daga ranar nan sai gaisuwar salla. Da damina biyu suka cika ya zo ya tsaya a bakin gamba ina sharar gona, bai yi sallama ba.

"Takin ya ƙare. Karɓi abinka."

"Bai ƙare ba," na ce, ban ɗago ba.

Gaskiya a shekarar don gaba na faɗa, ba na son karɓar komai daga hannunsa. Shekara ta zagayo ya sake zuwa, na sake faɗa. Haka muka yi ta yi duk bazara, ita ce kaɗai maganar da ke haɗa mu. Ban san shekarar da abin ya sauya ba, amma wata bazara da na ce bai ƙare ba, na ga gemunsa yana rawa, yana danne dariya. Bayan kwana biyu ya aiko mini da rediyonsa wai ya daina magana. Na kai wa Malam Iro ya naɗa masa sabuwar kwayil, muka shanya ta a kan kwano kamar ta kowa. 'Ya'yansa sun fi nawa yawa, gonarsa ba ta ishe su ba, na sani, shi ma ya san na sani, ba wanda ya taɓa faɗa. A ciwonsa na ajali na je duba shi, ya rame, murya ta dushe. Ya yafito ni na sunkuya.

"Sale, takin nan fa?"

"Bai ƙare ba, Yaya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya riƙe hannuna bai saki ba. Bayan kwana uku aka fitar da shi ta ƙofar nan da na taɓa zuba wa kashin awaki.

Don haka, Nasiru, ka karɓo takardunka daga wurin lauya. Sauran gonar taku ce in na mutu, ku yi yadda Allah ya nuna muku, ni ma ban ji maganar kowa ba. Amma daga gindin ɗorawa zuwa suri kada wanda ya kai igiyar awo. In 'ya'yan Yaya Habu sun ji kunya sun zo da kansu sun ce ku karɓi abinku, kun san amsar. Ku ce Baba ya ce takin bai ƙare ba.